Neal Boortz da aljihun gwamnati

Jiya da dare na saurari tsofaffin shirye-shiryen Neal Boortz, wanda ya daɗe yana magana a gidan rediyon WSB na Atlanta a Amurka kafin ya yi ritaya a 2013. Mutumin akwai baki! Aƙidarsa ita ce gwamnati ta cire hannu daga aljihun mutane da rayuwarsu. Ya tallata FairTax: a soke harajin albashi, a ɗora kashi 23 cikin ɗari kan kayan saye. Har 'yan ƙwaya yana so a daina ɗaurewa, wannan kam ban yarda ba. Amma abin da ya ɗaure min kai, ya goyi bayan yaƙin Iraƙi. To da kuɗin wa aka yi yaƙin, in ba na haraji ba?