Gidan da aka sa wa sulke

Da sanyin safiya na hau jirgin ƙasa daga tashar Queen Street ta Glasgow zuwa Helensburgh, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Daga tasha sai hawan tudu da ƙafa, ga yayyafi, ga iska tana neman ƙwace mini lema. Ina haki na iso Hill House, gidan da Charles Rennie Mackintosh, mai tsara gine-gine ɗan Scotland, ya zana wa Walter Blackie, mai buga littattafai, aka gama shi a 1904.

Keji na fara gani kafin gidan. An yi masa rumfar ƙarfe, an kewaye shi da ragar ƙananan zobba, sak sulken barade a hawan sallah. Laifin na siminti ne. Mackintosh ya sa an yi wa bangon yaɓe da shi lokacin yana sabon yayi, ya tsattsage, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya taɓa ganin an shafe ginin ƙasa da siminti ya san sauran zancen. Tun 2019 ragar ke tare ruwan sama, tana barin iska ta ratsa don bangon ya bushe sannu a hankali.

Ciki kuwa sai na manta da jiƙaƙƙen takalmina. Ɗakin barci fari fat, ga wata baƙar kujera siririya, bayanta dogo kamar tsani. Ban ga alamar za ta yi daɗin zama ba, amma na daɗe tsaye ina kallonta. Hoton da ke saman murhun falo aikin matar Mackintosh ne, Margaret Macdonald, wadda a ganina ba a cika ba ta haƙƙinta ba.

Shi kansa bai ci moriyar sunansa ba. Aiki ya yanke masa, ya bar Glasgow a 1914. A ƙauyen Walberswick na Ingila har aka zarge shi da yi wa Jamus leƙen asiri. Ya koma kudancin Faransa yana zanen duwatsu da kwale-kwale, ya mutu a Landan a 1928 yana da shekara 60.

Da yamma na biya ta titin Renfrew in ga makarantar zane ta Glasgow, babban aikinsa, wadda gobara ta ci a 2014, ta sake ci a 2018 ana dab da gama gyara. Ƙarafan tokare na tarar sun riƙe abin da ya rage na bango. Na ɗan tsaya a tsallaken titi, ruwa ya sake kecewa, na gangara neman shayi.