Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗakin Mararaba

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni tuƙin motar ɗaukar marasa lafiya. Asibitin yana tsakiyar Abuja, ni kuwa makwancina Mararaba, jihar Nasarawa. Ciki ɗaya ne a gidan haya mai ɗaki 12, banɗaki guda. Tun kafin kiran assalatu za ka tarar an jera bokitai a ƙofarsa, kowa ya san bayan wa yake. Ruwa sai na 'yan ga-ruwa.

Kawu, Allah ya jiƙansa, birkila ne. Da shi aka ɗora bulo a Garki tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991, amma a Nyanya ya ƙare kwanansa, sansanin da aka yi wa leburori. Ran da na kai masa takardar aikina, ko murmushi bai yi ba. "Ɗana, garin nan kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi." Har na ce wa Inna baƙin ciki yake yi da ni. Allah ya yafe mini.

Ƙarfe huɗu da rabi nake fita, in ba haka ba cunkoson hanyar AYA, mahaɗar da ke mashigar Abuja, ya cinye mini awa biyu. Ni da nake kunna jiniya da rana ana dare mini, da asuba ga ni a matse a bayan bas, gwiwa a ƙirji, gefena nas tana gyangyaɗi, gabana maigadi da goronsa. Gidajen ma'aikata na bayan asibiti kuwa, sau uku ina cike takarda. Manya suka raba, wasu ma 'yan haya suka zuba. Kura da shan bugu.

Sammakon nan ne ya cece ni ran 14 ga Afrilu, 2014. Na wuce tashar Nyanya lafiya, ina isa aka ce juya, bam ya tashi. Cikin waɗanda na kwasa har da mai sharar da muke haɗa bas kullum, ledar tuwonta na ɗaure a hannu.

Watan nan kuma mai gida ya ƙara haya, kuɗin shekara a dunƙule. Na je wurin Yaya rance, ya bar ni a zaure har la'asar, aka fito aka ce yana barci. 'Ya'yansa na karanta wannan, su tambaye shi.