Goɗiya tsakanin jigawa da fadama

Duk wanda ya san ni a tashar Kafin Hausa ya san Goɗiya. Hilux ce ƙirar 1994, mai ƙofa huɗu, mai shan gas. A takarda fara ce, amma yau in ka kira ta fara sai yaran tasha sun yi maka dariya. A 2016 na saye ta hannun wani ɗan kwangila da ya gaji da ita. 'Ya'yana ne suka raɗa mata sunan, wai in ta hau burji babu kaya sai ta riƙa tsalle da ƙugu kamar goɗiyar da ba a horar ba.

Tun da na ajiye aikin malamin gona nake sayen amfanin gona. Da kaka ina arewa, ƙauyukan Gumel da Sule Tankarkar har zuwa Maigatari, ina bin riɗi da zoɓo. Sauran shekara ina fadamun Auyo da Miga wajen masu shinkafa. Wanda bai san jihar nan ba sai ya ɗauka ƙasa ɗaya ce. Biyu ce. A arewa rairayi ne mai haɗiye taya, irin jigayin da jihar ta samo sunanta daga gare su. A gefen kogin Haɗeja kuwa laka ce baƙa, da rani ta tsage kamar dugadugan manomi, da damina ta koma sabulu. Mota ɗaya nake da ita, dole ta iya da duka biyun.

Bari in fara da wautar da na yi, tunda ita ta fi cin kuɗi.

Ɗana na biyu ne ya riƙa nuna min bidiyo a waya, Turawan Ostireliya da motocinsu masu tayoyi kamar na tarakta, an ɗaga su sama, gaba da baya duk ƙarfe. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, in ji Hausawa. Nawa dai ranar bai sani ba. Da na sayar da riɗin shekarar na tafi Kano na sayo manyan tayoyi masu faɗi guda huɗu, na sa aka ƙara falle biyu-biyu a sifirin, mai walda ya ƙera min bamba da bututun ƙarfe mai kauri. Ranar da na shigo gari da ita har da masu tafi.

Ba a yi wata biyu ba na fara gane kurena. Injin Goɗiya 3L ne, lita 2.8, ba shi da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ƙarfinsa ko yana sabo bai wuce na doki 90 da 'yan kai ba. Babbar taya kuwa tsawaita giya take yi. Motar da take tashi da buhu goma a giya ta ɗaya ba gardama sai ga ta tana neman a riƙe mata kuloci. Giya ta biyar ta zama ado, in da kaya ba ta jan komai. Kulocin ya ƙone, boris ɗin gaba na hagu ya fara kuka, in na karya sitiyari har ƙarshe taya ta goga jikin mota. Sifirin kuma ya yi tauri kamar faifan ƙarfe, duk ramin da ta faɗa a ƙugu nake jin sa, shi kuma bugun da sifirin ya ƙi shanyewa shasi ne yake shan sa. Sai da muka ga tsaga kusa da inda sifirin baya yake rataye.

Bakanikena na Haɗeja dattijo ne, a kan Landiroba ya koyi aiki tun ana kawo ta sabuwa. Ya zagaya motar sau biyu hannunsa a baya, ya ce, “Alhaji, wa ya ba ka shawarar sa wa jaki takalmin raƙumi?”

Na ce, “Baba, yaran zamani ne.”

Ya ce, “To su yaran zamanin su biya kuɗin kuloci.”

Muka mayar da siraran tayoyi masu tsayi daidai da na asali, muka cire fallen da aka ƙara muka bar ɗai-ɗai a baya kawai, saboda gaskiya ina lodi. Bambar na bar ta, don shanu da dare a hanyar Gumel ba sa duba hagu da dama, amma sai da aka rage mata nauyi. Manyan tayoyin na sayar da su a rabin kuɗi ga wani saurayi da shi ma bidiyon ya gani. Na gaya masa gaskiya, ya ce ya ji, ya biya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin rairayin da na kashe wa wannan kuɗin kyauta ne. Wata Laraba cikin watan Afrilu, jajibirin kasuwar Maigatari, na kafe a wata hanyar amalanke yamma da garin. Rana ta take, rairayin ya yi laushi kamar garin tuwo. Na sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, na taka totur, tayoyi huɗu suka haƙa wa kansu rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Ni da yaron mota muka sauke buhu takwas, muka yi ta haƙa da shebur ɗaya da hannu. Can sai ga wani tsoho a kan amalanken shanu. Ya tsaya, ya yi mana sannu, ya sauko ya danna taya da babban yatsa.

“Ɗana, iska nawa ka sa mata?”

Na ce 45, saboda kaya.

Ya tsinke wani ɗan tsinke ya tsuguna ya danna bakin bawul. Ina jin iska na fita raina na ɓaci, don a zatona ɓarna yake min. Ashe tsohon direba ne, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya zuwa cikin Nijar kafin ido ya hana shi. Ya sassauta duka huɗun har suka yi ciki, ya sa muka share rairayin gaban kowace taya ya zama gangare, muka shimfiɗa karan gero da tsohuwar tabarmar da nake salla a kai. Ya ce in sa ƙaramar giya, in ɗauka da ta biyu, kuma kada ƙafata ta yi nauyi. Goɗiya ta yi ɗan nishi ta fito kamar wadda dama wasa take yi.

Da na auna daga baya, wajen 20 ya bar su. Taya in ta rage iska tafinta tsawo yake ƙarawa a ƙasa, nauyin mota ya bazu, sai ta hau kan rairayi maimakon ta tone shi. Dalilin da raƙumi ba ya nutsewa ke nan. Amma akwai sharaɗi: ba a gudu da ita a haka, ba a karya kwana da ƙarfi, kuma kafin a hau kwalta dole a mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta tashi daga aiki. Shi ya sa yanzu akwai ƙaramin injin ba da iska mai maƙalawa a batir a bayan kujerata, da geji na kaina, don na masu faci kowanne da ƙaryar da yake yi. Na kuma koyi yin sammako. Rairayin asuba da sanyinsa ya fi na azahar riƙe mota nesa ba kusa ba.

Ogzilarin ma yana da nasa ladabin. A cibiyar tayoyin gaba akwai abin murɗawa, gefe ɗaya an rubuta FREE, ɗaya LOCK. In ba ka sauka ka murɗa shi ba, ko ka ja ƙaramin liba zuwa H4 ko L4 tayoyin gaba ba za su ja ba. Kuma irin wannan mota ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, saboda haka a kan kwalta ba a barin ta a huɗu. Wani yaro da na taɓa ɗauka ya taho da ita haka tun daga Auyo har gida. Liba ya ƙi fita, sitiyari ya yi nauyi. Da muka ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin gaba da jak sai ta fizge da kanta ta juya, ƙarfin da ya taru a farfela ya saki. Allah ya taƙaita, ba abin da ya karye. Yaron dai bai ƙara kwana a wajena ba, ko da yake ba wannan kaɗai ne laifinsa ba.

Sai ruwa, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Ambaliyar 2022 ba sai na ba kowa labarinta a yankinmu ba. Hanyoyi sun yanke, gonaki sun zama tafki, wasu garuruwan sai da kwalekwale. Makonni na yi ina ratsa ruwa da Goɗiya, wani wurin har saman taya, ina kwaso mutane da ɗan abin da suka tsira da shi. Hankalina duk yana kan inji. Na san injin gas matse iska yake yi sau ashirin da wani abu, ruwa kuwa ba ya matsuwa, in ya shiga ta hanyar iska sandar fistin ce za ta lanƙwashe nan take. Don haka tun kafin lokacin na sa an yi mata hanci, bututu daga gidan filtar iska ya bi gefen gilashi ya hau sama. Ina ɗaura buhu a gaban lagireto in zan shiga, ina tafiya a hankali ba tsayawa, in na fito in ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe. Ina ganin na gama dabara.

Bayan ruwa ya janye sai na fara jin wani gurnani daga baya, in na saki totur ya canza murya. Baba ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti na ƙasan aksul. Abin da ya zubo ba mai ba ne. Fari-fari ne mai kauri, sak kunun gyaɗa. Ya tara a tafin hannu ya miƙo min ba tare da ya ce komai ba, sannan ya kama hannuna ya kai saman aksul ya ɗora yatsana a kan wani ɗan ƙaramin abu mai hula, bai kai kan yatsa ba.

“Nan take numfashi,” in ji shi. “Aksul ya yi zafi da tafiya, ka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke. Me zai zuƙo?”

Shekara shida ina tare da motar ban san da wannan abin ba. Boris ɗin aksul na baya duk sun yi tsatsa, haƙoran sun fara cin juna. Na gaba da giyabos mun same su da sauran rai, juye kawai aka yi musu sau biyu da mai lamba 90. Gyaran da ya hana abin sake faruwa kuwa, tiyo ne irin na mai, 'yan mitoci, da ƙananan maɗaurai. Aka cire hular, aka sa tiyon, aka bi da shi jikin shasi har cikin gidan inji can sama, aka bar masa sassauci don aksul na hawa da sauka, aka toshe bakin da ƙaramar filtar mai ta babur. Kuɗinsa duka bai kai na cin abincin rana biyu a Kano ba. Ba mai ganin sa, ba wanda ya taɓa yi min tafi a kansa. Ni kuwa duk mai shiga fadama da ya tambaye ni me zai fara yi wa motarsa, shi nake faɗa masa kafin taya, kafin hanci.

Tun daga nan duk ranar da na ratsa ruwa mai zurfi, washegari sai na sassauta notin na ga launin mai. Ina bin kan nonon giris na farfela ɗaya bayan ɗaya. Ina duba ƙwallayen nan biyu na ƙarshen aksul ɗin gaba, inda taya ke juyawa. In na ga suna zubar da abu kore-kore mai ruwa kamar miyar kuka, na san sil na ciki ya mutu, man aksul ya gauraya da giris.

Sauran abubuwan ƙanana ne, sai dai ba sa yafiya. Da kaka ƙaiƙayi da furen kacala suna toshe lagireto, injin nan kuma in ya yi zafi sau ɗaya sosai kan silinda ne ke tsagewa, don haka duk mako ina wanke shi daga baya zuwa gaba. Filtar iska da hunturu kullum sai an kaɗe. Gas na 'yan bumburutu in dole ta sa na saya, da daddare sai na buɗe ƙasan filta na zubar da ruwan da ya kwanta. Taimin bel ka'idarsa kilomita 100,000, amma agogon Goɗiya ya daɗe da mutuwa, saboda haka da fenti nake rubuta watan da aka canza shi a cikin bonet. In ya tsinke a wannan inji bawul da fistin ne za su yi karo, kuma shi kaɗai ne abin da ban taɓa yarda a sa min ɗan gwanjo ba.

Ragowar kaya kuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano nake zuwa, kuma da tsohon a hannu nake tafiya. An taɓa sayar min da boris a kwali mai kyau da tambari da komai, bai yi sati uku ba ya watse a hanyar Miga, na kwana a gindin tsamiya sauro na biki. Yanzu na fi yarda da na jikin mota ɗan Beljiyam, in juya shi a kunnena in ji, fiye da sabon da ban san asalinsa ba. Baba ya fi ni tsanani, shi har lasar ƙarfe yake yi wai yana gane na Japan. Wannan kam ban gaskata ba, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Jiya da na je juye ya nuna min shokozoba na baya na dama ya fara jiƙewa, gindin batir kuma tsatsa ta ci rabi. Na ce a bari sai riɗi ya shigo. Ya ce shokozoba zai jira, batir ba zai jira ba, ranar da ya faɗo kan inji a tsakiyar rairayi kada in kira shi. Na bar masa ita, na hau ɗan acaɓa zuwa tasha. Jibi zan koma in ɗauko ta, don ranar Alhamis akwai Maigatari.