Daga Rigasa Zuwa Zanzibar: Yadda Muke Shirin Hutun Amarci

Ni da wadda zan aura babu wanda ya taɓa ƙetare iyakar Najeriya a cikinmu, kuma babu wanda ya taɓa ganin teku da idonsa, domin ruwa mafi girma da muka sani shi ne Kogin Kaduna idan ya cika ya tumbatsa a watan Agusta. Duk da haka, tun da aka sa mana rana muka amince cewa za mu rage wasu shagulgulan biki, mu ajiye kuɗin domin hutun amarci a wani tsibiri. Ita ce ta fara kawo maganar da hotunan farin yashi da shuɗin ruwa da take turo mini, ni kuma na ɗauki nauyin bincike. Abin da binciken ya nuna mini shi ne, ga mai riƙe da koren fasfo wanda bai taɓa fita ba, ba hoto ne yake zaɓar masa wurin zuwa ba. Takardu ne da kalanda da yardar iyaye suke zaɓa, sannan aljihu ya sa hannu.

Yardar iyaye ce ta fi ɗaukar lokaci. Da na gabatar da maganar, Hajiya ba ta yi faɗa ba, sai dai ta yi tambayar da na san kowace uwa a garin nan za ta yi. Ta ce, "Idan dai fita za ku yi, kuma Allah Ya hore abin tafiyar, me ya hana ku je Umra ku fara zaman da albarka?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba, domin a wurinmu tafiyar farko zuwa waje kusan kullum ƙasa mai tsarki ce. Na ce mata, "Hajiya, Umra tana nan a niyyarmu, kuma fatana mu je tare da ke, amma ba na son in haɗa niyyar ibada da niyyar hutu." Wanda ya ɗaura harami akwai abubuwan da aka haramta masa tsakaninsa da iyalinsa har sai ya kammala, kuma wanda ya je Makka ya kamata zuciyarsa ta tattara ga abin da ya kai shi. A ganina kowanne yana da haƙƙinsa, kuma haɗa su tauye duka biyun ne.

Gwaggo kuwa ta wani ɓangaren ta ɓullo. Ta ce ba a taɓa yi ba, a kai amarya yau, gobe a ce ta hau jirgi, alhali ba a yi buɗar kai ba, dangi ba su zo ganin ɗaki ba, maƙwabta ba su san fuskarta ba. A nan ban yi jayayya ba, domin gaskiyarta ce. Al'adar tashi daga wurin biki a wuce filin jirgi ta mutanen da ba su da wannan hidimar ce. Mun tsayar da cewa ɗaurin aure yana bayan Babbar Sallah, amarya za ta zauna a ɗakinta ta karɓi baƙi, a gama gaishe-gaishen dangi, sai tafiyar ta biyo baya da wasu makonni. Wannan jinkirin ma alheri ya zama, kamar yadda zan bayyana idan na zo maganar damina.

Wurare uku muka auna. Na farko Cape Verde, saboda tana cikin ƙungiyar ECOWAS, wato ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Amma hanyar zuwa can murɗaɗɗiya ce, kuma da yawan jiragen da suke sauka can ta Lisbon da ke ƙasar Portugal suke bi, alhali ɗan Najeriya yana buƙatar bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgin ƙasashen Schengen ba, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Portugal take ciki. Nan take muka ajiye ta.

Na biyu Maldives, wadda ita ce mafarkin amaryar tawa tun farko. Ƙasar Musulmi ce, tsibirai sama da 1,000 a Tekun Indiya, kuma tana bai wa masu yawon buɗe ido izinin kwana 30 kyauta idan sun sauka, muddin suna da tikitin komawa da shaidar masauki, kuma sun cike takardar shiga ta intanet da ake kira IMUGA kafin isowa. Ta fuskar takardu ke nan babu wadda ta kai ta sauƙi. Matsalar tana cikin lissafi. Ɗakunan nan da ake gani an kafa su a kan ruwa suna tsibiran da otal ɗaya ya mallake gaba ɗaya, babu kasuwa, babu gidan abinci na waje, saboda haka duk abin da za ka ci ko ka sha farashinsu ne. Daga filin jirgin Velana da ke kusa da babban birnin Malé sai an ɗauke ka a jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda da rana kaɗai yake tashi, kuma kuɗinsa daban ne. A kan farashin da aka rubuta kuma ana ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima da kashi 17 na haraji, ban da harajin muhalli na kowane dare. Akwai hanya mai rangwame, domin tun 2009 aka ba mazauna tsibirai irin su Maafushi damar buɗe ƙananan masaukai, amma idan aka haɗa da tsadar tikiti ta Doha ko Dubai, lissafin ya fi ƙarfinmu. Ban da haka, daga Mayu zuwa wajen Nuwamba lokacin iska da ruwan sama ne a can, wato daidai lokacin da za mu samu damar tafiya.

Sai Zanzibar, inda muka tsaya. Tsibirai ne na Tanzaniya masu gwamnatinsu ta cikin gida tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964, manya biyu su ne Unguja da Pemba, kuma idan mutane suka ce sun je Zanzibar yawanci Unguja suke nufi. Mafi rinjayen mazaunan Musulmi ne, saboda haka maganar naman halal da masallaci da suturar mace ba abin damuwa ba ne. Mace mai hijabi a can ba baƙuwar gani ba ce. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, sannan akwai ƙarama wajen Nuwamba, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa rani ne mai sanyi-sanyi. Ke nan a Yuli da Agusta, lokacin da marka take hana shanya a Kaduna, can sararin sama a washe yake. Illarsa ɗaya, shi ne lokacin hutun Turawa, don haka ɗakuna suna tsada kuma suna ƙarewa da wuri.

Amma Zanzibar tana da ƙaya a takarda, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta bai wa 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Dole ne a nema ta intanet tun daga gida, sannan a miƙa buƙatar ga hukumar shige da ficensu ta tantance, abin da kan ɗauki makonni, har ana shawartar mutum ya nema da wata biyu a gaba. Ba za a iya neman biza ba sai da fasfo a hannu, fasfo kuma ba ya fita sai bayanan mutum sun dace da na lambarsa ta NIN harafi da harafi. Wannan ita ce rijiyar da ’yan Arewa da yawa suke faɗawa, domin mutum ɗaya zai kasance Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar haihuwa, ko kuma ranar haihuwar da aka rubuta masa a wuri guda ta saɓa da ta wani wurin. Gyaran irin wannan yana cin lokaci fiye da fasfon kansa. Saboda haka duk wanda aka sa masa rana kuma yake da niyyar fita, ya fara da baje takardunsa da na amaryarsa a kan tabarma ɗaya ya gwada su, tun kafin ya fara zancen akwatunan lefe. Sauƙin da muke da shi shi ne matanmu da sunan mahaifinsu suke zama bayan aure, don haka babu dalilin jiran ɗaurin aure kafin ta yi fasfonta, kuma sunan da ke fasfon shi ne za a rubuta a tikiti, ba wata Hajiya ko Misis ba.

Fasfo iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, kuma tun Satumban 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da naira 200,000. Mun zaɓi ƙaramin, domin ba mu ga tafiye-tafiyen da za su cika shafi 32 a shekara biyar ba. Bayansa akwai katin allurar shawara, wato katin ruwan ɗorawa da jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa suke bayarwa, wanda Tanzaniya take nema daga duk mai fitowa daga Najeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Akwai masu cewa za su kawo maka katin har gida ba tare da allura ba. Ban ga hikimar sayen takardar ƙarya a kan cutar da take kashe mutane a ƙasarmu ba. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorarta ta dala 44, ko da yana da wata inshorar daga gida, kuma ana biya ta intanet kafin a tashi.

Tsarin biyan kuɗin da na bi shi ne in fara da abin da za a iya fasawa. Na kama ɗaki irin wanda ake sokewa ba tare da asara ba, domin ana buƙatar shaidar masauki wajen neman biza, amma tikitin da ba a mayar da kuɗinsa ba zan biya shi ba sai biza ta fito. Wani dillalin tafiye-tafiye ya so in zuba masa kuɗin komai a dunƙule, ya ce shi zai ji da sauran. Da na nemi ya rarrabe mini nawa ne na jirgi, nawa ne na otal, nawa ne ladansa, sai maganar ta fara tsawo, ni kuma na janye. Dillali ba laifi ba ne, musamman ga sabon shiga, amma wanda ya ƙi nuna maka lambar tikitinka ka duba da kanka a shafin kamfanin jirgi, ka yi hattara da shi.

Hanyar kanta ba ta da sarƙaƙiya. Za mu hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu kwana guda kafin tashi, mu kwana a Abuja, domin ba na son in ɗora tikitin dala a kan jadawalin jirgin ƙasa ko cunkoson hanya. Daga Abuja jirgin Ethiopian Airlines yana zuwa Adis Ababa, daga can a canja zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Unguja, kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Wanda fasfonsa sabo ne fil ya sa ran tambayoyi a wurin fita da wurin shiga: ina za ka, kwana nawa, wa zai biya, yaushe za ka dawo. Saboda haka na tanadi jaka guda ta takardu da aka buga a zahiri, har da takardar shaidar aure da ta wurin aiki, maimakon dogaro da wayar da cajinta zai iya ƙarewa a layi. Kuɗin kashewa kuma dala za mu riƙe, sababbin bugu, domin masu canji a can suna ƙin tsofaffin takardu, mu canja zuwa shilin ɗin Tanzaniya kaɗan-kaɗan, kati ya zama na ko-ta-kwana.

Zaɓen gefen tsibirin da za a sauka ya fi zaɓen otal muhimmanci, kuma wannan hoto ba ya faɗa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a yini, har mata su shiga su yi aikin gonakin ciyawar ruwa a inda ɗazu ruwa ya rufe, sannan ya dawo. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar kaɗan ce, ana shiga ruwa kowane lokaci, amma can ne cunkoso da kiɗan dare suka fi yawa. Da yake mu biyun babu wanda ya iya iyo, kuma natsuwa muke nema, gabas ta fi dacewa da mu. Ruwan da za mu taka iya gwiwa ya ishe mu, idan kuma aka ce a shiga kwalekwale, to sai da rigar kariya. Na kuma guji tsarin da ake biyan kuɗin ci da sha gaba ɗaya, domin wani kaso na farashin kuɗin giya ne da ba za mu sha ba. Karin kumallo da abincin dare sun wadatar, da rana mu nemi shinkafar pilau ko biriyani da kifi a inda mutanen gari suke ci.

Kwanakin farko a tsohon birni za mu yi su, wato Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ina son ganin ƙofofin katako masu sassaƙa, da gine-ginen zamanin sarakunan Oman da suka mayar da fadarsu can a ƙarni na 19, da wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, ita kuma tana son kasuwar dare ta Forodhani da gonakin kayan ƙamshi. Can ne maganar tsaraba ta shigo, domin tun da Gwaggo ta ji cewa kanumfari da kirfa a can ake noma su, adawarta ta yi sauƙi, har ta fara lissafa wa za a kawo wa me. Na riga na gaya wa amarya cewa akwati ɗaya rabinsa a wofi zai tafi, kuma kuɗin tsaraba na ware shi daban a lissafi, kusa da kuɗin motar da za ta kai mu Jambiani daga birni.