Bibiyar gajimaren Mushtari daga Kaduna

Duk abin da madubin hangen nesa ke nunawa a fuskar duniyar Mushtari (Jupiter) gajimare ne, shi ya sa kamanninta ba sa tsayawa wuri ɗaya. A 2010 ɗaya daga manyan ɗamarunta biyu masu duhu, ta kudu, ta dushe kamar an goge, sai a Nuwamba ta fara dawowa. Babban Jan Tabo kuwa, guguwar da tsawonta ya kai kusan kilomita 40,000 a ƙarshen ƙarni na 19, ya tsuke zuwa 16,500 a awon Hubble, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, na 2014.

Kaduna ta yi dace. Muna kusan digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka Mushtari kan hau kusan tsakar ka, inda iskar da haskenta zai ratsa ba ta da kauri. A jira ta hau ɗin. Kallonta daf da ƙasa ɓata dare ne.

Madubi mai faɗin milimita 150 ya wadatar. Idan tsawon tattara haskensa milimita 1,200 ne, gilashin ido na milimita 10 zai girmama hoto sau 120. Mutane na kwaɗayin sau 300, alhali dishi-dishi kawai suke girmamawa.

Yawancin matsalar zafi ne. A fitar da madubin minti 40 kafin kallo ya huce, in ba haka ba iskar cikin bututun za ta riƙa motsi, hoton ya yi ta rawa. Kada a kafa shi a kan daɓen siminti ko a hango ta saman rufin kwano, domin suna amayar da zafin rana har dare ya raba. Hazon hunturu yana rage haske, amma idan siriri ne ɗamarun na fitowa. Ƙurar da ta kwanta a gilashi a hure ta da famfon roba, gogewa da tsumma karce shi take yi.

Sai lokaci. Mushtari na juyawa sau ɗaya cikin awa 9 da minti 55, saboda haka a gama zana abin da aka gani cikin minti 10, bidiyo kada ya wuce minti 2. Matacin haske shuɗi, 80A, yana ƙara fito da Tabon. A rubuta mintin da ya ratsa tsakiyar fuskar Mushtari, a cire awa ɗaya daga agogon Najeriya don ya dace da agogon duniya. Idan aka tara waɗannan mintuna na wata uku, za a ga yadda Tabon ke gusawa yamma a hankali.