Yafe haraji ga wanda bai yi ciniki ba

Makon jiya ina kakkaɓe durowar teburin yanka a shagona na ɗinki da ke Garwa, sai na ci karo da littafin da nake rubuta kuɗin aiki a shekarar 2020. Shafin watan Afrilu bai cika ko rabi ba, kuma yawancin abin da ke cikinsa sunayen waɗanda nake bi bashi ne da na waɗanda suke bina. Ganin shafin ne ya tuna mini da tallafin da gwamnati ta ce ta bai wa masu sana'a lokacin korona.

An samu mutum na farko da ya kamu da cutar a Kamaru ranar 6 ga Maris 2020 a Yawunde, kuma ranar 17 ga watan Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya karanta matakai 13 da suka haɗa da rufe iyakoki da makarantu, da hana taron da ya wuce mutum 50, da rufe gidajen abinci da mashaya da ƙarfe shida na yamma. Ba a kulle mu a gida ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe, kasuwa ta ci gaba da ci, amma ga tela hana taro daidai yake da rufe shago, domin ɗinkinmu na biki ne da suna da salla. Ga shi kuma tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, shadda da yadin da ke zuwa mana daga Kano ta Yola sun riga sun yi tsada.

Ranar 30 ga Afrilu, azumi ya yi kusan mako guda, aka sanar da matakai 19 na sassauci da tallafi. Na saurare su a rediyo, ni da yarana uku masu koyon aiki, mun tsayar da kekuna kamar ana karanta sakamakon jarabawa. An ware sefa biliyan 25 domin mayar wa kamfanoni kuɗin harajin TVA (harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya) da suke bin gwamnati. An yafe wa otal-otal harajin kwana na sauran shekara, an dakatar da binciken haraji na wata uku, an ba masu ɗaukar ma'aikata damar biyan kuɗin CNPS, asusun fansho da walwalar ma'aikata, kashi-kashi. An ƙara kuɗin alawus na 'ya'yan ma'aikata daga sefa 2,800 zuwa 4,500. Ƙananan masu sana'a sun samu ambato a wuri biyu: an yafe wa masu tasi da masu haya da babur harajinsu da kuɗin tsayawa na watannin Afrilu zuwa Yuni, an kuma yafe wa masu sarin kayan abinci suna sayarwa, waɗanda mutanen kudu ke kira bayam-selam, harajinsu da kuɗin wurin zama a kasuwa. Da aka gama, babban yarona ya dube ni ya ce, "Maigida, ban ji an ce tela ba." Na ce masa ya koma kan kekensa.

Ba ina cewa matakan banza ba ne. Otal ɗin da ya rasa baƙi yana da masu shara da masu dafa abinci, kuma idan ya tsaya da ƙafarsa su ma sun tsira. Abin da nake gani shi ne kusan dukkan tallafin ya bi ta hanyar takarda, ya isa ga mai rajista da lambar haraji da ma'aikatan da ke cikin CNPS, alhali kusan mutum tara cikin goma masu aiki a ƙasar nan ba su da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda kuma aka ambata a cikinmu, yafe masa aka yi, ba a ba shi ba, kuma tsakanin biyun akwai tazara. Wata baba mai sayar da tumatir kusa da shagona ta ce mini, "Ɗana, an ce kada in biya tikiti, na gode, amma kwandon da ya ruɓe saboda masu tuwo-tuwo sun rage saye, wa zai biya mini shi?" Kuɗin tikitin bai kai farashin tumatir ɗin da take zubarwa kullum da yamma ba.

Akan ce ba yadda za a yi gwamnati ta raba kuɗi ga mutanen da ba ta da sunayensu. A Ingila an biya masu zaman kansu kashi 80 cikin 100 na ribar da suka saba samu, domin takardun harajinsu na baya sun nuna abin da kowa ke samu, kuma na yarda wannan ba zai yiwu a nan ba. Amma Togo ba ta fi mu arziki ba, kuma a watan Afrilun nan ta fito da shirin Novissi, inda mai sana'a ke rajista da katin zaɓe ta wayar hannu, kuɗi su shigo masa ta wayar: mata sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Ba kuɗi ba ne masu yawa, amma suna sayen gero. Mu ma muna da Orange Money da MTN Mobile Money a kowane lungu. Ban kuma taɓa ganin ranar da mai karɓar kuɗin kasuwa ya ɓace hanyar rumfar wani ba, wanda ke nuna cewa idan karɓa za a yi, an san inda kowannenmu yake zaune.

Kuɗi kuwa sun shigo. Shugaba Paul Biya ya kafa asusun haɗin kai na musamman da sefa biliyan ɗaya a ƙarshen Maris, daga baya aka tanadar masa biliyan 180 a kasafin da aka yi wa gyara, kuma hukumar ba da lamuni ta duniya IMF ta ba Kamaru dala miliyan 226 a watan Mayu. A 2021 sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahoton da ya nuna kurakurai masu yawa a yadda aka kashe kuɗin, har da tsawwala farashin kayan gwaji, abin da jaridu suka raɗa wa suna Covidgate.

Abin da ya riƙe shagona dai abu uku ne. Da aka tilasta sanya takunkumi daga 13 ga Afrilu, muka zazzage buhun ƙyallayen atamfa da muka saba zubarwa, muka riƙa ɗinka takunkumi da roba, yara na zagayawa da su bakin tasha. 'Yan adashinmu suka yarda aka juya layi aka ba ni ɗauka kafin lokacina. Mai shagon kuma, Allah Ya saka masa da alheri, ya ɗaga mini hayar wata biyu ba tare da na roƙe shi sau biyu ba. Duk da haka sai da na sallami ƙaramin yarona ya koma ƙauyensu kafin ƙaramar salla, na sayar da keken da yake aiki a kai. A shafin watan Yuni na ga inda na rubuta kuɗin keken, a ƙasa kuma na rubuta cewa na biya harajina na wata uku cif.