Zaman Zariya da karatun hanyar zogi

'Yan uwa na Maraɗi da kuke ta tambayata a WhatsApp ya zaman Najeriya, to ga amsarku gaba ɗaya. Karatun likita ne ya kawo ni jami'ar Ahmadu Bello, ta Jibiya na shigo na bi Katsina da Funtuwa har Zariya, kuma gaskiya farkon zuwa da wuya. Mu da Faransanci muka tashi a lakkol, nan kuwa komai da Ingilishi, malami na ta zuba lakca kai kana ta laluben kalma. A kasuwar Samaru ma sai na tsaya na juya naira zuwa sefa a kaina kafin in biya. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkinmu, har zuwa Maris 2024, saƙon gida ya zama sai an yi dabara, a lokacin ne Hajiyar gidan da nake haya ta fara aiko min da tuwo da miyar kuka kullum da dare ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka mata.

Lakcar farko da na fahimta tas ita ce ta hanyar da zogi ke bi zuwa ƙwaƙwalwa, don zana ta aka yi a allo, ido ya gani ba sai da yare ba. In ka taka ƙaya, bakin jijiyoyin da ke fata su ne ke ɗaukar labari, kuma iri biyu ne. Akwai A-delta masu rufin kitse, gudunsu kan kai mita 30 a daƙiƙa, su ke kawo tsinin nan na farko da ke sa ka janye ƙafa. Akwai kuma C marasa rufi, da ƙyar suke mita 2 a daƙiƙa, su ke kawo raɗaɗin da ke biyo baya yana ta nuƙurƙusa, kamar ɗan acaɓa da mai tafiya a ƙasa ne suka tashi tare. Duka suna shiga laka, wato farin igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, ta ɓangaren baya, nan su miƙa saƙo ga jijiya ta biyu. Ita kuma ba ta hawa a gefen da ta karɓa, tun nan cikin laka take tsallakawa ɗaya gefen sannan ta hau ta hanyar da ake kira sifainotalamik har talamus a tsakiyar kai, daga can jijiya ta uku ta kai saman ƙwaƙwalwa inda mutum ke gane wurin da ke ciwo. Wasu rassan kuma suna ratsewa wuraren da ke kula da farkawa da tsoro, shi ya sa mai ciwo ba ya barci kuma hankalinsa ke tashi.

Wannan tsallakawar na ganta da idona a asibitin koyarwa na Shika. Wani saurayi ne aka soka a baya, rabin lakarsa na dama ya lalace. Ƙafar dama ba ta motsi amma in aka tsikare ta da allura sai ya ce wash, ta hagu kuwa tana motsi lafiya lau amma ana tsikara yana kallonmu, ko ruwan ɗumi ba ya bambancewa da na sanyi. Mahaifiyarsa ta riƙe hannuna tana cewa ɗan nan wannan ai sammu ne, ta ya ƙafa mai lafiya za ta mutu. Na zauna a kan benci na zana mata a bayan kati da biro, na ce Inna hanyar motsi tana saukowa ne a gefen da aka yanka, ta zogi kuwa ta riga ta tsallaka, yanka ɗaya ne ya taɓa su duka. Brown-Séquard, likitan da aka haifa a tsibirin Moris a 1817, shi ya bayyana wannan tun ƙarni na 19 kuma da sunansa ake kiran lalurar. Ta daɗe tana kallon zanen sannan ta ninke katin ta sa a cikin jakarta.

Amma inda karatun ya fi taɓa ni a gida ne. Jikan Hajiya ɗan shekara tara yana da sikila, lokacin hunturu ciwon kan tashi, kuma abin da ke ɓata min rai shi ne masu cewa yaron nan raki ne da shi. Wallahi ba raki ba ne. Jini ne ke toshewa a ƙananan hanyoyi, ƙashi ya rasa iska, jijiyoyin nan su yi ta aika saƙo ba tsayawa. Wani dare wajen ƙarfe biyu Hajiya ta buga min ƙofa, na tarar da shi a dunƙule kan tabarma yana cije bakin zani. Na ce ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta ɗora masa, ta dinga shafa ƙafar a hankali tana masa magana, a ba shi ruwa ya sha sosai kafin a samo mota. Shafar nan ba camfi ba ce, tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo bayanin cewa akwai wata ƙofa a cikin laka, saƙon taɓawa da ke bin manyan jijiyoyi yana rage wa na zogi hanya, kuma ƙwaƙwalwa kanta tana turo saƙo ƙasa ta rage shi, in hankali ya kwanta ya yi sauƙi in tsoro ya yi yawa ya ƙaru. Wani maƙwabci ya kawo taramol daga kemis, na ce Baba a yi haƙuri, wannan sai likita ya auna nauyin yaro ya rubuta. Muka kai shi asibiti aka sa masa ruwa da allurar da ta dace, kwana uku aka sallame shi.

Tun daga nan Alhaji ya hana a kai min abinci ɗaki, a zaure nake ci tare da 'ya'yansa, kuma duk ranar da yaron zai koma ganin likita ni nake raka su in yi musu bayanin abin da aka rubuta.